Jan Biro da Watan Uku

Yayata ta shekara goma sha tara tana karanta rubutun da ba nata ba. A wata maɗaba'a ta yi aiki, can bayan tashar mota, cikin ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Duk takardar da za a buga sai ta fara bi ta gabanta: littafin makaranta, kalanda, 'yar takardar nan da ake naɗewa a kwalin magani. Takan ɗora rula ta bi layi-layi, inda ta ga harafi ya faɗi ko waƙafi ya zauna a gidan da ba nasa ba, ta zagaye shi da ja. Masu injin buga takarda suka raɗa mata Jan Biro, sunan kuwa ya biyo ta har gida.

Ni ne autanmu, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ita ta koya mini karatu, kuma a kaina ta fara gwada hannunta. Ina aji uku a sakandare na rubuta wa wata yarinya wasiƙa, na manta ta a aljihun riga. Yaya ta tsince ta wajen wanki, ta gyara, ta mayar inda ta same ta. Zagaye bakwai na ƙirga.

Da mai maɗaba'ar ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da injinan, aka rufe wurin. Tana da shekara arba'in da shida a lokacin. Wata uku ta yi a gida, kuma kowa ya ji a jikinsa. Maigidanta malamin makaranta ne, ya koma ɓoye takardun jarrabawar da yake shiryawa. Ranar da ta tsayar da mai shagon layinsu tana nuna masa harafin da ya ɓace a allon shagonsa, mahaifiyarmu ta kira ni a waya.

"Auta, ka nema wa yayarka aiki tun kafin ta fara gyara mana magana."

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke rubuta manhajar kwamfuta don ɗakunan gwajin jini na ƙananan asibitoci. Mu tara ne, a ɗaki biyu a saman wani shagon tayoyi. Injin gwaji ya fitar da sakamako, manhajarmu ta karanta, ta ajiye shi a ƙarƙashin sunan mai shi, likita ya gani. Manajarmu tana neman wanda zai duba kalmomin da ke fitowa a fuskar kwamfuta da littafin koyar da ma'aikatan asibiti. Na kawo Yaya a kan aikin wata biyu. Yau shekara biyar ke nan.

Teburinta na jikin nawa. A mako na biyu ta leƙo allona, ta nuna wani layi da gindin biro.

"Auta, kyanwa ce ta taka maka kibod?"

Layin cike yake da baka da ɗigo da tauraro da sanduna masu jingina, ba kalma ko ɗaya.

"Rejeks ake ce masa, Yaya. Ki ɗauke shi kamar rariya. Rubutu ne zai zubo, lambar waya ko kwanan wata ko lambar kwalbar jini, shi kuma ya tace. Wanda ya yi daidai da siffar da muka faɗa ya wuce, wanda bai yi ba ya tsaya."

"Kowace alama da ma'anarta?"

"Kowace."

"To wa ke duba shi?"

"Ba a cika duba shi ba. In an gwada ya yi aiki, shi ke nan."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa 'ya'yanta in sun ce sun wanke hannu. Sannan ta ce in rubuta mata alamomin duka da ma'anar kowacce.

Ta manna takardar a bango, ta raɗa wa alamomin sunayen da suka yi mata. Ɗigo ta ce masa Kowa-nawa, don a rejeks ɗigo ba aya ba ne, yana nufin kowane harafi ya zo an karɓa. Sanda mai jingina baya ta ce mata Takunkumi, don ita ke hana alama yin aikinta, ta mai da ita harafi kawai. Ba a yi wata guda ba ta fara buga rejeks ɗinmu a takarda tana bin su da rula. Na farkon da ta kama nawa ne. Na so in ce lambar kwalba tana da ɗigo a tsakiya, na manta ban sa wa ɗigon takunkumi ba, don haka ko waƙafi aka buga ko harafi, rariyata na cewa bismilla. Ta zagaye shi, ta ajiye mini a kan kibod, ta koma kujerarta.

Daga nan ta buɗe littafi mai shuɗin bango. Duk kuskuren da ta kama sai ta rubuta irinsa, ba shi kaɗai ba. Ta ce a maɗaba'a ta gane kuskure dangi ne da shi, in ka ga ɗaya a gida to 'yan'uwansa na kusa. Manaja ta ga amfanin abin, ta ce ta zauna.

Sai dai rejeks ɗinmu sun haura ɗari shida, kuma kullum ana taɓa su. Wata Alhamis ta duba wani, ta ce lafiya lau. Ran Juma'a wani abokin aikinmu ya ƙara masa alama ɗaya. Ran Litinin wani asibiti ya kira, lambobin kwalabe masu karan ɗori sun ƙi shiga. Ba wanda ya ɗora mata laifi, amma ranar ko shayinta ba ta sha ba.

"A maɗaba'a, in na sa hannu a takarda ba mai ƙara taɓa ta," ta ce da ni. "Ku kuwa ina juya baya kuna canza rubutu. Idona biyu ne, Auta."

Nan na ba ta labarin wata manhaja da muke da ita, mai duba aiki. Duk lokacin da ɗayanmu ya gama rubutu ya miƙa, ita ke fara karantawa, ba tare da ta kunna manhajar da ake rubutawa ba. Karatu kawai take yi, ta ce ga inda aka buɗe ba a rufe ba, ga abin da aka ambata ba a yi amfani da shi ba. Amma tamu in ta iso kan rejeks tsallakewa take yi.

"Ana iya koya mata?"

"Ana iya ƙara mata dokoki."

Ta turo mini littafin mai shuɗin bango. "Ga dokoki."

Manaja ta ba mu sa'a ɗaya kullum bayan cin abincin rana. Da farko Yaya ke faɗa ina rubutawa. Muka koya wa manhajar ta warware rejeks gaɓa-gaɓa, yadda Yaya ke yi da rula, ta tsaya a kan kowace gaɓa ta yi mata tambaya. Wannan ɗigon, an so shi Kowa-nawa ko mantuwa aka yi? Wannan harafin, me ya sa ya zo sau biyu a cikin baka ɗaya? Bayan wata biyu Yaya ta daina jirana. Takan rubuta dokar da kanta, da yatsa biyu, a hankali, ta kira ni in duba. Na yi ta neman inda zan zagaye mata, sau biyu kawai na samu.

Ranar da muka kunna ta a kan aikin kamfanin gaba ɗaya, gargaɗi ɗari huɗu da goma sha biyu ta fitar.

Babban injiniyanmu, wanda muke kira Farfesa, shi ya rubuta manhajar kamfanin ta farko shi kaɗai tun ana ɗaki ɗaya. Mutum ne mai ilimi na gaske, tabarau kullum a goshi, kuma ba ya barin kuskuren kowa ya kwana. Ya buɗe goma daga cikin gargaɗin, ya tarar tara ba kuskure ba ne. Ya kashe dokokin duka, ya zo ya tsaya a gaban teburinta.

"Malama, ƙararrawar da ke kaɗawa safe da yamma, ran da gobara ta tashi ba mai fita."

Na ɗauka za ta ji haushi. Ni dai na ji. Da ya tafi na fara cewa ai wanzami ba ya son jarfa, ta katse ni.

"Gaskiya ya faɗa. Mun taɓa ɗaukar wani mai gyara a maɗaba'a, shafi ɗaya sai ya yi masa zagaye arba'in, rabinsu son ransa ne kawai. Cikin mako biyu masu inji suka daina kallon jan birinsa. Ran da ya kama kuskuren gaske a takardar magani, ba wanda ya duba."

Ta buga gargaɗin nan duka a takarda. Mako biyu ta yi tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana kasa su kashi uku a kan tebur: wanda ta tabbata kuskure ne, wanda take zato, da wanda kawai ba haka ita za ta rubuta ba. Kashi na uku ya fi tsayi, ta zubar da dokokinsa ba tare da ta waiwaya ba. Na zato ma ta ajiye su gefe. Cikin dokoki talatin da ɗaya, tara suka tsira. Sannan ta ƙara wani abu da ban yi tunaninsa ba. Ta ce kowane gargaɗi dole ya faɗi dalilinsa, kuma ya kawo misalin rubutun da zai faɗi a rariyar, don mutum ya gwada da hannunsa. Gani ya kori ji, in ji ta.

Wata Talata da safe, saura kwana uku watan Fabrairu ya ƙare, ta kunna dokokin taran a kwamfutarta ita kaɗai. Gargaɗi goma sha bakwai suka fito. Ta bi su a natse har ta zo na goma sha ɗaya, ta tsaya, ta ƙara karantawa, ta taɓa kafaɗata.

A watan Janairu asibitoci goma sha ɗaya sun karɓi sabon injin gwajin jini. Kowane layin sakamako da injin ke turowa yana farawa da kwanan watan da aka yi gwajin. Farfesa ya rubuta rejeks ɗin da ke tace layukan. A gurbin wata ya rubuta [1-12].

Na karanta, ban ga komai ba. Ɗaya zuwa goma sha biyu, watannin shekara ke nan.

"Haka idon mutum ke karantawa," ta ce. "Amma cikin baka mai kusurwa harafi ɗai-ɗai ake ƙirgawa, kai ka koya mini. Babu goma sha biyu a nan. Daga ɗaya zuwa ɗaya, sannan biyu."

Dokar da ta kama shi mai sauƙi ce: in tazara ta fara a harafi ta ƙare a kansa, to mai rubutun wani abu dabam yake nufi. Rariyar wata biyu kacal ta sani a duniya, na ɗaya da na biyu.

Ta ɗauki takardar ta nufi ɗakin Farfesa, na bi ta.

"Farfesa, in ba za ka damu ba, minti biyu."

Ya karɓi takardar, ya duba daga nesa. "Wannan ai nawa ne. Wata biyu yana aiki a asibiti goma sha ɗaya, ko mutum ɗaya bai kira ba."

"Ba za su kira ba tukuna. A wane wata ka gwada shi?"

"Janairu. Da sakamako na gaske, sama da dubu."

"Duk na Janairu?"

Ya sake duban takardar.

"Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba," ta ce. "Ka buɗe shafin gwaji, ka ɗauki layi ɗaya na jiya, ka mai da watan ya zama uku. In ya shiga, zan koma kujerata in share dokar."

Ya yi yadda ta ce, yana bugawa da ƙarfi. Ya danna. Allon bai nuna komai ba. Ba ja, ba ƙara, ba saƙon kuskure. An tsara manhajar ne ta watsar da duk layin da bai bi siffa ba, don injin yakan turo tarkace tsakanin sakamako. Layin ya ɓace kawai. Ya mai da watan biyu, ya shiga. Ya mai da shi uku, ya ɓace. Ya gwada goma, ya gwada goma sha biyu, duk suka ɓace.

Farfesa ya sauko da tabarau daga goshi zuwa hanci. Ya daɗe yana kallon alamomin nan shida.

"Ranar ɗaya ga wata," ya ce a hankali, "za a ɗebi jinin mutane, inji ya gwada, likita ya buɗe ya ga wayam."

"Kuma ma'aikatan ɗakin gwaji za a fara tuhuma," in ji Yaya.

"Saura kwana nawa?"

"Uku."

Gyaran bai ci minti biyu ba. Isar da shi ne aiki. Asibitoci tara muka tura musu ta intanet kafin la'asar. Biyu suna inda layi ba ya kamawa sosai, sai an je da ƙafa. Manaja ta ce in je, Farfesa ya ce a'a, wanda ya zubar shi ke kwashewa. Washegari da safe ya ɗauki jakarsa ya shiga mota. Kafin ya fita ya kunna dokokin taran, ya ɗaure su yadda ba wanda zai iya miƙa aiki sai ya amsa gargaɗinsu, har shi kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ita, "Sauran goma sha shidan fa?"

"Goma sha huɗu kuskure ne. Biyu laifin dokata ne, zan gyara."

"Nawa ne nawa a ciki?"

"Ka je ka dawo lafiya, Farfesa."

Ranar ɗaya ga Maris na zauna ina kallon sakamako suna shigowa daga asibitocin, layi bayan layi, kowanne da ukunsa. Ba wanda ya kira. Na ce wa Yaya ya kamata a gaya wa asibitocin abin da ya kusa faruwa, su san wadda ta tare shi. Ta ce Manaja ta riga ta rubuta musu abin da aka gyara da dalilinsa, wannan haƙƙinsu ne. Sunanta kuwa ba ya cikin haƙƙin. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, in ji ta, ba a taɓa tsayar da ita a hanya an ce an gode littafin nan ba kuskure.

Ba komai manhajar ke kamawa ba, kuma Yaya ce ta fi kowa faɗar haka. Wajen tsakiyar shekarar wata nas daga ɗaya daga cikin asibitocin ta zo ofishinmu da kanta, ta hau matakalar nan tana haki, ta ce ta gaji da bayani a waya. Akwai sunayen da manhajarmu ba ta karɓa. Duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ta ce ba suna ba ne. Su kuma sai su buga da k ko d don layi ya ragu. Wata ma'aikaciya ta buga haka, wata ta cire harafin gaba ɗaya, mace ɗaya ta tashi da fayil uku, likita yana neman gwajin da aka yi mata wancan watan bai gani ba.

Muka buɗe rejeks ɗin sunaye. Ba kuskuren rubutu a cikinsa ko ɗaya. Ya ce haruffan Turanci ashirin da shida, manya da ƙanana, kuma abin da ya faɗa shi yake yi. Dokokin Yaya sun wuce shi sau ɗari ba su ce komai ba. Ni na rubuta shi, shekara huɗu kafin nan, na kwafo daga wani misali.

Farfesa ya ce to ga iyakar inji. Yaya ta ce haka ne, inji na kama zamewar hannu, amma abin da mai rubutu bai taɓa tunani ba sai an je an gano. Ta juya wajen nas ɗin.

"'Yar'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In na zo na zauna kusa da mai rajistarku kwana biyu, zan takura muku?"

"Kujera ce dai ba mu da ita mai kyau."

"Zan zo da matashi."

Ta je. Kwana biyu tana zaune a bayan teburin rajista, tsakanin ma'aunin nauyi da kabad ɗin fayil, tana kallon yadda mutane ke faɗar sunansu da yadda ake rubuta shi. Ba ta kwafi sunan kowa ba, siffar kawai take ɗauka. Ta dawo da shafi shida: sunaye masu lanƙwasa, masu waƙafi a sama irin na 'ya, masu karan ɗori a tsakiya, mutanen da sunansu ɗaya ne tak alhali manhajarmu ta dage sai biyu, da wata tsohuwa da sunanta ya fi gurbin tsawo. Muka gyara rariyar. Ita kuma ta rubuta doka ta goma: duk rejeks ɗin da ke tace gurbin suna, in haruffan Turanci kaɗai ya sani, a tsayar da mai shi a nuna masa sunaye biyar da zai kora. Dokar ta tono wasu wurare takwas, har da takardar da ake bugawa a manna a jikin kwalba.

Ranar da gyaran ya isa asibitin, wayar ofis ta yi ƙara wajen sha ɗaya na safe. Nas ɗin ce, ta ce a ba ta Malama. Ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Matar nan mai fayil uku ta zo yau. Sunanta ya shiga."

"Da lanƙwasarsa?"

"Da lanƙwasarsa. Mun haɗe fayilolin ukun ma. Ta ce in nuna mata a allo, ta daɗe tana kallo."

"Madalla. Ki duba takardar jikin kwalbar kuma, in harafin ya fito kamar akwati ki gaya mini."

Ta ji amsar, ta ce to, ta ajiye wayar. Ta ce da ni a kwalba ma ya fito daidai, amma nas ɗin ta ce lambobin waya masu tazara a tsakiya suna ba su wahala, in na gama abin da nake yi in buɗe mata wannan rejeks ɗin mu gani.